Wandon Isamu

A Kojima, inda iskar teku ke shigowa ta tagar shago
da ɗanɗanon gishiri da warin man keke,
shekara arba'in da ɗaya ina taka keken ɗinki ɗaya.
Sunana Tomie. Idanuna sun fara ja da baya,
amma yatsuna ba su taɓa yi mini ƙarya ba.

Jiya wani saurayi ya sauko daga jirgin Okayama,
Shunpei, ɗan Isamu mai gyaran jiragen masunta.
Ya shimfiɗa jins a teburina kamar mai kwantar da jariri.
"Na babana ne," in ji shi. "Ki rage mini ƙugun."

Na juya ƙafar wandon, na dubi bakin yadi.
Ga jan zaren nan, siririn layi,
shaidar tsohuwar masaƙa mai tafiyar hawainiya,
mai yini tana surutu, aikin kaɗan, amma ba ya warwarewa.
Na dubi kalmasar. Ɗinkin sarƙa ne.
Nawa ne.

Samarin Tokyo kan zo da mujalla a hamata,
suna neman sunan da ke kan fatar bayan ƙugu,
su zuba kuɗin hayar wata saboda harufa biyar.
Nakan ce: cusa hannu a aljihu tukuna.
In yadin ciki zai riƙe makulli shekara goma bai huje ba,
sai mu zauna mu yi maganar suna.
Tsuguna. Tashi. Ɗaga ƙafa kan kujera.
In ya shaƙe ka, ba naka ba ne,
ko da madubi ya rantse maka.

Wandon ƙwarai nauyi gare shi.
Sabonsa kan tsaya shi kaɗai a tsakar ɗaki,
wata uku yana cizon bayan gwiwarka
kafin ya yarda kai ne mai shi.
Zarensa an tsoma a baba, an ɗaga ya sha iska,
an sake tsomawa, an sake,
shuɗi ya kama baya, ciki ya zauna fari.
Shi ya sa tsufa ke yi masa kyau:
duk inda rayuwa ta goge shi,
farin cikin ke leƙowa.

Na ce wa yaron: matso ka gani.
Nan, gwiwar hagu, ita yake durƙusawa a kai.
Nan walat ɗinsa ta zana kusurwa huɗu.
Ƙusoshin tagulla sun yi kore don gishiri,
ko ɗaya bai saki ba.
Wannan ɗigon kwalta ne. Wannan ban sani ba.
"Ni ne," ya ce. "Na zuba masa fenti ina ɗan shekara shida."
Sai ya juya yana kallon bango.

Na sa ya gwada.
Ƙugun ya yi masa yawa da yatsa uku,
farar gwiwar kuma ta tsaya ƙasa da tasa gwiwar,
tana jiran ƙafar da ba za ta dawo ba.

Na ajiye almakashi.
Na jawo sabo daga kan kanta, shuɗi har ya yi duhu,
mai tauri kamar kwali, ba a rubuta komai a kansa ba.
Na ce: kar ka yi gaggawar wankewa.
Ka hau keke da shi, ka zauna a ƙasa, ka yi aiki,
ka dawo mini bayan shekara biyar in karanta,
in ina nan.

Ya fita yana tafiya kamar mai ƙafar katako,
yana dariya, yana share ido, har tasha.

Na Isamu yana nan a cinyata.
Aljihun dama ya ɗan buɗe baki.
Sau huɗu ina neman kafar allura,
a na biyar zaren ya shiga.