Mita Ɗari Uku da Goma Sha Biyu

Shekara ashirin da uku ina karanta sanarwa
a ɗaki mai cin tabarma huɗu, bayan tashar Daura,
an manne bangonsa da kwalin ƙwai
don kada muryata ta dawo ta dame ni.

Alhaji Mamuda Na-Sandamu ya gina gidan
da ribar fatu da ƙiraga.
Bai yi boko ba, amma ya san
akuyar da ta ɓata a kasuwar Mai'aduwa
sai an faɗa wa iska take komawa turke.
Sanarwar suna naira ashirin,
ta rasuwa kyauta.
Ya ce ba a miƙa hannu ga mai share hawaye.

Matsakaicin zango muke.
Da rana iyakarmu Baure da Zango,
dare na yi sai murya ta tsallake Kongwalam ba takarda,
ba ɗan kwastan da ya taɓa tsayar da ita.
Wani makiyayi daga bayan Damagaram
ya aiko mana cuku uku a tsumma,
wai tukuicin ranar da muka ce
kada a yi shuka da ruwan farko.

Sai Alhaji ya kwanta dama.
Magada goma sha tara suka tsaya gindin eriya
suna ɗaga kai har huluna na faɗuwa.
Ta ina za a fitar da tumuni a jikin ƙarfe?
Aka mai da mu kuɗi, aka raba.

Mai saye na farko kujera yake nema.
Ya ce in cire farashin gero in sa kirarinsa.
Ya faɗi zaɓe, ya manta hanyar gidan,
ya bar mu da bashin man janareto
da hotonsa a bango, yana murmushi.

Na biyu ban taɓa ganin fuskarsa ba.
Kamfani ne, sunansa haruffa uku.
Suka turo yaro da kwamfuta a jaka,
mai ladabi, har ƙasa ya gaishe ni,
sannan ya ce lissafi bai fita.
Yanzu shiri daga Legas yake zuwa a dafe,
ana faɗa wa mutanen Dannakola
cunkoson mota a kan gadar da ba su taɓa hawa ba.

Ran Talata aka kashe injin.
Injiniya Sha'aibu ya ɗora tafinsa a kai
har ƙarfen ya huce,
kamar mai jiran numfashi ya dawo.
Bai ce komai ba. Ya ɗauki butarsa.

Ashe akwai wayoyin tagulla binne a filin,
sun bazu kamar saiwar gawo.
Su ke riƙe muryarmu, ni ban sani ba
sai da 'yan gwangwan suka tono su,
suka auna a sikeli, kilo-kilo.

Jiya Iya Kande ta same ni a ƙofar gida
da 'yar takarda a ƙulle a bakin zane.
Mijinta ya cika da asuba,
'yan'uwansa na can wani ƙauye bayan Magarya
inda waya ba ta kamawa.
Ta ce, Malam Buhari, a faɗa.
Na karɓa, don hannuna ya riga bakina.
Na tafi tasha na bi motoci ɗaya-ɗaya
ina karanta wa direbobi
da muryar nan dai, ta ƙarfe bakwai.

Da dare nakan murɗa akwatina
in kai allura inda muke da.
Ba kowa, sai shuuu,
kamar ruwa na sauka a garin da ba namu ba.
Nakan bar shi a kunne duk da haka.
Batir ya yi tsada, Laraba tana faɗa,
ni kuwa ina jin kamar wani zai yi gyaran murya.