Ido Mai Surutu

Jaka talatin da biyar na biya
a rumfar Ɗanjimma, bayan babbar kasuwa.
Gwanjo ne, in ji shi, amma ido ne mai nemo abinsa da kansa:
nuna masa fuska, ya laluba, ya tsaya.
Na ɗaura shi a kyamara, na gwada a bakin titi,
kabu-kabu na ihu, injin markaɗe na nasa.
Ban ji komai ba.
Wa ke jin kukan sauro a maƙera?

Daren Asabar, zauren gidan matasa.
An kashe fanka huɗu don murya ta kai kujerar baya.
Tun la'asar Malam Tankari ya ja mini kunne:
ban da walƙiya, ban da tashi tsaye,
ka zama bango.
Na ce to.

Hasiya ce a dandali.
Da rana allura take yi wa yara a asibiti,
yau kuwa matar direba ce
da aka kawo wa takalmi da agogo daga hanyar Dakwaro.
Wata uku tana koyon wannan shirun.
Ko kalma ɗaya ba a rubuta mata ba a nan;
zama za ta yi, takalmi a cinya,
ta kakkaɓe yashin da ke ciki.
Zaure ya ɗauke numfashi.
Har jaririn da ke layi na biyar ya san ba lokacinsa ba ne.

Na ɗaga. Na taɓa maɓalli rabi.

Ziii. Ƙit. Ziii.

Fitila ɗaya ba ta ishe shi ba.
Ya je gaba, ya dawo, ya sake tafiya,
ɓera a buhun gyaɗa,
yana neman hancinta yana samun labule.
Wani tsoho mai farar hula ya waiwayo,
bai ce uffan ba,
ya dube ni daga goshi zuwa hannu ya koma.
Da ma zagina ya yi.

Sai ita.
Ƙiftawa ɗaya, ba ta kai haɗiyar miyau ba,
matar direba ta fita daga fuskar,
mai allura ta leƙo tana neman mai laifi.
A daidai nan idona ya samu abin da yake nema.
Ya tsaya cak. Na danna.

Akwai wani ɗan makunni a gefensa, kamar ƙwayar gero.
Na tura shi da farce, injin ya mutu.
Saura ni da zoben roba da yatsa biyu
da idanun da shekara arba'in da bakwai suka sha,
tabarau kuma na bar shi a aljihun wata riga.
Na murza a hankali, kamar mai neman tashar rediyo
kusa da marar lafiya.
Yashi na zuba daga takalmi.
Wallahi na ji saukarsa a kan katako.

Lahadi da hantsi na baza su a tebur.
Guda ɗaya ne ya fita tas,
ana ƙirga gashin ido:
Hasiya ce, tana harara ta.
Sauran goma sha tara hazo-hazo,
kafaɗa, gyale, wani abu baƙi a cinya,
mace da ba ta san akwai ni a duniya ba.

Malam Tankari ya biya kuɗin mai kyan.
Na bango, ya ce, a san fuskar ƴar wasa.
Sauran suna cikin kwalin sabulu a ƙarƙashin gadona.
Ɗanjimma ya ce ba a mayar da gwanjo,
in kai shi gidan biki, can ba mai ji.
Jibi akwai suna a Bagalam.