Kalmar Kakata

A bakin Solway, inda Sikotilan ke leƙen Ingila,
akwai wata ƙasa da ta kasa yanke shawara:
da safe makiyaya ce, da yamma teku.
Kakata Effie Jardine tana kiranta merse.
Ba ta taɓa rubuta kalmar ba,
taunarta take yi, kamar ganyen da gishiri ya kama.

Ina ɗan shekara tara
Mista Pringle ya ja jan biro a kan takardata.
"Marsh ake cewa, yaro. Fadama ke nan.
Taku maganar ƙauye ce."
Na dawo gida da kunya cike da aljihu.

Kaka ba ta ce uffan ba.
Sanda ta miƙo mini, muka bi bayan tumaki.
Ta nuna mini kwarin da ya haɗiye saniyar Wattie Irving,
da hanyar da ruwa ke sanɗowa ta baya
tun mai kallon gaba bai farga ba.
Ta ce, "In wata ya cika, kar ka amince wa ciyawa."
Dubban dinya suka tashi a kanmu
da surutu kamar ranar kasuwa.

Shekara arba'in ta wuce.
A ɗakin karatu na Dumfries, ana ruwan sama,
na buɗe ƙamus mai nauyin ɗan rago.
Ashe uwa ɗaya ce ta haife su!
Mersc, a bakin mutanen da,
ita kuma 'yar mere ce,
ruwan da ya kwanta ya ƙi tashi.
Ɗaya ta sa takalmi ta shiga littafi,
ɗaya ta zauna a nan, ƙafarta cikin laka.

Na so in ruga in gaya wa Mista Pringle,
ƙasa ta riga ni zuwa wurinsa.
Kaka ma haka.

Jiya jikata Morven ta tambaye ni sunan wurin.
Na buɗe baki zan yi mata karatu,
sai na hango azurfa tana rarrafe cikin ciyawa.
Na ce, "Kama sanda, kora na hagu,
ruwa ya taso."

Sai da muka rufe ƙyauren shinge, muna haki,
takalmanmu cike da teku,
sannan na faɗa mata, sau ɗaya.
Ta maimaita, ta lashi leɓe.
Ta ce akwai gishiri.