Mai Jan Igiyar Gajimare

A Faris, ƙarƙashin dandamali,
inda kitsen kyandir ke ɗiga ta tsagar katako,
nan Barnabé Quillet ya shekara talatin
yana sauko da mutanen sama.

Gajimaren ƙyalle ne da fenti.
Sarauniyar da ke kansa Perrine ce,
'yar mai wankin unguwarsu,
mai tsoron bisa, tana tauna addu'a
har goge ya ba ta hanya.

Shi bai taɓa ganin rawar ba.
Da ƙoƙon kai yake jin ta:
dunduniya takwas, tsit, sai tsalle,
ƙura ta zubo masa a gira.
Masu sarewa na jan numfashi,
ya saki igiya taƙi biyu.

Wasan kashi huɗu, kowanne da ƙasarsa,
soyayya ce dai take sauya riga.

Bayan shekara ɗari uku aka kakkaɓe takardun,
aka sake ta da wasan.
Yanzu maɓalli ke sauke gajimare, sumul.
Amma a gefen shafi na arba'in
wani hannu mai kanta ya karce:
"A hankali a nan. Yarinyar na tsoro."