Ƙaddara da Kaddara

Tafiretar da muka aro ba ta da ƙa,
ba ta da ɗa, ba ta da ɓa.
Sai Kulu ta zare allura daga bakin gyalenta,
ta bi takardar kaki harafi-harafi
tana yi musu lanƙwasa.
Ranar da gyangyaɗi ya ɗauke ta,
ƙaddara ta fito kaddara,
muka yi dariya har mai gadi ya hasko mu da cocila.

Mu uku ne. Jaridar shafi huɗu ce,
muka sa mata suna Guga,
wai za mu jawo abin da ke ƙasan rijiya.
Ni ne mai alƙalami.
Nomau bai taɓa rubuta ko layi ba,
nasa juya hannun injin gurza
da sayo mana fura a Dundaye
in zafin Sakkwato ya narkar da tawada.

Sai labarin wake ya zo:
buhu arba'in a takarda,
goma sha ɗaya a sito,
sauran sun haye gadar Kwalkwalawa da dare
ba su yi wa kowa sallama ba.
Na rubuta. Ban sa suna ba.

Da safe aka ce kowa ya buɗe tafinsa.
Nawa fes, na wanke da toka tun asuba.
Na Nomau baƙi ƙirin har gindin farce.
Ya dube ni sau ɗaya.
Na dubi dogon yaro.

Akwatin kwanonsa na nan a kunnena,
yadda ya yi ƙara bisa kan amalanke.

Shekara talatin da ɗaya.
Jiya na gan shi a Kasuwar Daji,
ana loda masa albasa mota uku,
yaransa na kiransa Alhaji.
Ni ga ni da jan biro a aljihu,
ina gyara waƙafin wasu har yau
a kan kuɗin da ba ya kai ashirin ga wata.

Ya rungume ni, yana warin albasa da turare.
Ya ce, "Ladan, bar tuna wagga magana.
Can abincina yake, aka tura ni in tai in ɗauka.
Rabon kwaɗo ba ya hawa sama."

Na so in amsa, na yi imani da rubutun da ya bushe
tun ba a halicci tawada ba.
Amma tokar nan, ni na ɗebo ta a murhu.
Wuyan nan, ni na juya shi.

Kulu ta rasu bara a Bodinga.
Da tana nan, da na kai mata ranar nan
in ce, duba min da allurarki,
wannan da lanƙwasa aka rubuto ta,
ko kaddarata ce, da hannuna na saya?