Abin da Randa Ta Sani

Ranar Talata suka zo, rana na narka kwalta a Mandawari,
Injiniya Sagiru da yaransa uku
da injin haƙa mai kukan jaki.
Suka fasa simintin tsakar gida,
wanda Baba ya zuba da kuɗin gyaɗar shekara biyu.

Maƙwabta suka leƙo ta katanga:
"Rijiya ce, ko tukunyar zinariya kuka yi mafarki?"
Sagiru ya share gumi da hularsa.
"Sanyi muke nema. Yana can ƙasa, zaune lafiya."

Baƙin bututu, naɗe kamar hanjin rago,
suka zura shi gaba bayan gaba.
Ruwa zai sauka ɗauke da zafin ɗakunanmu,
ya sauke kayansa inda rana ba ta da iko,
ya dawo da sanyin hannu.
In ɗari ya shigo kuwa, sai a juya tafiyar,
ƙasa ta maido mana ɗumin da muka ba ta ajiya.

Gwaggo Tasalla ko motsi ba ta yi ba.
Da haɓa ta nuna randarta, binne har wuya a gindin darbejiya:
"Shekara hamsin ina shan wannan ilimi da moɗa,
ba wanda ya ce mini injiniya."

Daren farko barci ya ƙi zuwa.
Janareto ya yi shiru, sai ɗan gurnanin famfo.
Na kasa kunne:
ƙasar da muka toshe wa baki da siminti,
wadda gobe ko jibi za ta karɓe mu duka,
tana numfashi a hankali cikin ɗakina.