Gurbin da Babu a Takarda

Ni ne mai biro a ranar.
Tebur mai ƙafa uku, ta huɗun bulo ne,
a farfajiyar wata firamare, nan Daura.
Aka ce: suna, unguwa, lambar ɗan ƙasa, lambar waya,
sai babban yatsa a tawada.
Wanda ya cika biyar ɗin nan
tallafi zai riƙa shigo masa bayan wata bibbiyu.

Kafin azahar na rubuta mutum tamanin da huɗu.
Ta tamanin da biyar ta zo da goyo.
Hakama.
Unguwa? Kangon Alhaji Nabara, bayan tasha.
Lamba?
Ta kwance bakin zane,
ta zaro kati daga ledar burodi,
rubutun Faransanci,
ruwa ya cinye rabin fuskar da ke hoton.

Na ce, "Baiwar Allah, wannan ai na can ne."
Ta ce, "Can ɗin an ƙone shi daren wata Laraba.
Rumbu huɗu, da amalanke, da uban wannan."
Ta faɗa ne kamar mai lissafin cefane.

Shekarau daga layi ya ɗaga murya:
"Mu ma ba ta ishe mu ba!
Baƙo ai raɓa ne."
Ban ga laifinsa ba.
Na san gidansa, na san ranakun da ba a ganin hayaƙi.
Amma wannan raɓar ta yi damina biyu a garin nan,
rana ta fito, ta faɗi, ba ta bushe ba.

Sai Tasalla mai awo ta ture mutum uku ta iso tebur.
"Malam, rubuta ta.
Tiya tara nake bin ta, gero shida, dawa uku.
In an ba ta, wa aka ba? Ni.
Ni in sallami Jatau mai ruwa,
Jatau ya biya mai faci,
mai facin kuma, kai Shekarau, ba ƙanenka ba ne?"
Layi ya fashe da dariya.
"Kuɗin nan ba iyaka za su tsallaka ba,
a kasuwarmu za su kwana."

Na duba takardar sama da ƙasa.
Wanda ya zana ta bai taɓa haɗuwa da Hakama ba.
Na juya bayanta, inda babu layi,
na ari fensirin wani yaro.
Kafin la'asar, mutum goma sha bakwai
sun tsuguna a bayan takardar gwamnati.

A sakatariya shugabana ya ce, "Wannan fa?"
Na ce, "Mutane ne, ranka ya daɗe."
Ya cire tabarau, ya mayar.
Ya ce za a tura Katsina.

Wata bakwai.
Na sauya hanyar zuwa masallaci
don kada in bi ta ƙofar kangon.

Sannan sabuwar takarda ta zo
da gurbi na shida, siriri kamar tsinke:
in mai neman mafaka ne, a sa lambar katinsa.
Na ɗauki keke na bi su gida-gida.
Goma sha huɗu na samu.
Ɗaya ya bi motar albasa zuwa kudu,
ɗaya tana maƙabarta,
ɗaya ko Tasalla ba ta san inda ya yi ba.

Goyon nan yanzu yana tafiya,
har ya kama mini ƙafar tebur.
Hakama ta goge hannu a zane,
wankau ya cinye mata fata.
Ta danna.
Na ɗaga takardar na duba a rana:
na Shekarau a sama, nata a ƙasa,
ban iya bambance su ba.

Tasalla na tsaye a bakin ƙofa
da littafin bashinta a hammata.